Rumbun Ajiya Na Gida: Idan Ya Ƙi Buɗuwa, Ta Ina Ake Farawa?

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau a cikin shirinmu na faɗakarwa kan na'urorin zamani za mu tattauna ne a kan wata na'ura da ta fara samun wurin zama a gidajenmu da shagunanmu. Ɗan akwati ne da ake ajiyewa kusa da rauta, a cikinsa akwai faifan ajiya ɗaya, ko biyu, ko huɗu. Ba shi da allo, ba shi da madannai. Kebul ɗaya ke haɗa shi da rauta, daga nan kowace kwamfuta da wayar hannu da talabijin da ke gidan za su iya zuba masa fayil ko su ɗiba. Masu sayarwa suna ce masa NAS, mu kuwa a shirin nan za mu riƙa ce masa rumbun ajiya. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi sun haɗa da Synology da QNAP da D-Link na ƙasar Taiwan, da Western Digital na Amurka, da Buffalo na Japan.

Mai ɗaukar hoton biki yana tara aikinsa na shekaru a ciki. Mai tace finafinai yana zuba ɗanyen aiki. Makaranta tana ajiye sakamakon ɗalibai, magidanci kuma yana ajiye hotunan 'ya'yansa da kwafin takardun fili. Ranar da akwatin nan ya ƙi buɗuwa, hankalin mai shi ba ya kwanciya.

To ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Sau da yawa idan rumbu ya ƙi buɗuwa, fayilolin suna nan lafiya lau a kan faifai, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe. Asarar takan zo ne daga baya, daga hannun mai gaggawa: wannan ya danna risetin, wancan ya ce a yi masa filashin, wani ya cire faifan ya sa a kwamfuta ta yi masa fomatin. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Saboda haka gyaran wannan na'ura yana da tsari. Ana farawa daga abin da ba ya taɓa fayil ko kaɗan, a canza abu ɗaya a gwada, sannan a matsa gaba. Manhajar cikin na'urar kuwa, wadda masu gyara ke kira famwaya, ita ce ta ƙarshe da za a taɓa.

Mataki na farko shi ne wuta da kebul da adireshi.

Malam, kafin ka zauna gaban kwamfuta, tashi ka je wurin akwatin. Fitilunsa suna ci? Kana jin motsin faifai a ciki? Faifan ajiya yana jan wuta sosai a daidai lokacin da zai fara juyawa, don haka adaftar da ta yi rauni tana iya kunna fitila amma ta kasa tayar da faifan. A wurarenmu da wuta ke zuwa da ƙarfi yau, gobe ta zo da rauni, adafta tana cikin abubuwan da ke fara lalacewa. Idan za ka sauya ta, ka duba rubutun da ke jikinta: ƙarfin wutar, wanda a yawancin ƙananan rumbuna bolt 12 ne, dole ya zo daidai, yawan amfiya kuma kada ya gaza na ta asali. Idan kuwa ka ji faifan yana ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa, kashe na'urar nan take. Wannan alamar lalacewar faifai ce, kuma kowane kunnawa ƙara ɓarna ne.

Daga nan duba bayan akwatin, inda kebul ya shiga. Akwai 'yan fitilu a bakin ramin. Idan ba sa ci, sauya kebul, ko ka mayar da shi wani rami na rautar. Gyara da yawa a nan yake ƙarewa.

Sai adireshi. Kowace na'ura a gida tana da lambar da rauta ke ba ta, wato adireshin IP, wanda yakan fara da 192.168. Rauta aron wannan lamba take bayarwa, ba kyauta ba. Idan an ɗauke wuta komai ya mutu, aka dawo da ita, rumbun da jiya yake kan lamba mai ƙarewa da 105 yau yana iya tashi da 102, kwamfutarka kuma tana ta neman sa a tsohon wuri. Shiga shafin rautarka ka duba jerin na'urorin da ke haɗe, za ka ga sabuwar lambar. Synology yana da manhajar nema mai suna Synology Assistant, QNAP kuma yana da Qfinder Pro. Idan ka ga lambar rumbun ta fara da 169.254, ma'anarsa bai samu amsa daga rauta ba sam, shi ya laƙaba wa kansa lamba. Hakan yakan faru idan rumbu ya riga rauta tashi. Ka sake kunna shi bayan rautar ta gama tashi. Maganin dindindin shi ne ka shiga saitin rauta ka keɓe wa rumbun lamba ɗaya da ba za ta riƙa canzawa ba.

Ka kuma tabbata kai da rumbun kuna kan sadarwa ɗaya. Wayar da ke kan Wi-Fi na baƙi ba ta ganin na'urorin gida, da gangan aka tsara haka. Gidan da ke da rauta biyu, ɗaya a bayan ɗaya, shi ma yakan rabu gida biyu ba tare da mai shi ya sani ba.

Idan ka samu lambar, rubuta ta a burauza. Shafin kula da Synology yana kan ƙofa ta 5000 ko 5001, wato lambar da ake ƙarawa a bayan adireshin, na QNAP kuma yakan kasance a 8080. Muddin shafin nan ya buɗe, to ka kwantar da hankalinka: na'urar tana raye, matsalar tana wajen hanyar ɗaukar fayil.

Mataki na biyu shi ne rumbun da ya ɓace daga Windows.

Hanyar da kwamfuta mai Windows ke bi ta buɗe foldojin rumbu ana kiran ta SMB, kuma tana amfani da ƙofa ta 445. Tana da zubi uku. SMB1 shi ne tsoho tun na shekarun 1980. SMB2 ya zo tare da Windows Vista, SMB3 kuma ya zo da Windows 8 a 2012. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wani rauni da ke cikin SMB1 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen wannan shekarar kamfanin Microsoft ya fara cire SMB1 daga Windows 10. To tsofaffin rumbuna da yawa ba su iya komai ba sai SMB1. Shi ya sa mutum zai sayi sabuwar kwamfuta, ko ya sabunta tasa, ya wayi gari rumbu ya ɓace, alhali tsohuwar kwamfutar da ke gefe tana ganin sa.

A nan ne za a ce maka ai abu ne mai sauƙi, ka shiga saitin Windows ka dawo da SMB1. Gaskiya ne, rumbun zai bayyana. Amma ka mayar da kwamfutarka kan hanyar da masu ita da kansu suka yi watsi da ita saboda haɗarinta. Gyaran da ya dace daga ɓangaren rumbu yake: shiga shafinsa, ka nemi saitin SMB, ka ɗaga shi zuwa SMB2 ko SMB3. Idan na'urar ba ta da wannan zaɓi ko bayan an sabunta manhajarta, to ka kunna SMB1 na ɗan lokaci, ka kwashe kayanka, ka kashe shi, ka fara shirin sayen wata.

Windows 11 ta ƙarshen 2024, wadda ake kira 24H2, ta ƙara tsanantawa. Tana neman a riƙa sa hatimin tantancewa a kan saƙonnin SMB, kuma nau'inta na Pro ya daina karɓar shigar baƙo marar kalmar sirri. Idan foldarka a buɗe take ga kowa, za ta ƙi buɗuwa. Maganin shi ne ka buɗe wa kanka suna da kalmar sirri a kan rumbun, ka shiga da su.

Wani abu kuma da ke wahalar da mutane: Windows tana riƙe tsohuwar kalmar sirri. Ka canza ta a rumbu, amma kwamfuta tana ta aika tsohuwar a ɓoye, ana ƙin ta. Shiga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows ka goge abin da aka ajiye da sunan rumbun. Ka kuma sani cewa Windows ba ta yarda ka shiga rumbu ɗaya da suna biyu a lokaci guda. Idan Hajiya ta shiga da nata sunan a wannan kwamfutar, naka ba zai shiga ba sai an fita daga nata.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne kan yadda ake gano matsalar rumbun ajiya na gida ba tare da an yi asarar abin da ke ciki ba. Yanzu mun zo mataki na uku, wato FTP.

FTP tsohuwar hanya ce ta tura fayil. Wani masani mai suna Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ƙa'idarta a cibiyar MIT ta Amurka a 1971, kuma zubin da ake amfani da shi har yau na 1985 ne. Kyamarorin tsaro da injinan sikanin da yawa har yanzu da ita suke aika fayil zuwa rumbu. Abu na farko da za ka sani shi ne burauza ta daina buɗe ta: Chrome ya cire FTP a farkon 2021, Firefox ya bi baya a tsakiyar shekarar. Wanda ke rubuta adireshin FTP a burauza yana ganin ba ya buɗewa, ba rumbunsa ne ya lalace ba. Ya nemi manhaja irin FileZilla ko WinSCP. Amfanin waɗannan manhajoji shi ne suna nuna maka hirar da ke gudana tsakanin kwamfuta da rumbu layi-layi, kowace amsa da lambarta.

Ku riƙe lambobin nan, don su ne ke nuna inda ciwon yake. Lamba 230 tana nufin ka shiga. Lamba 530 tana nufin an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka. Lamba 550 tana nufin fayil ɗin ba ya nan, ko ba ka da izinin taɓa shi. Lamba 552 tana nufin wurin da aka ware maka ya cika. Lamba 421 tana nufin rumbu ya rufe hirar, sau da yawa don haɗin ya yi masa yawa. Lamba 425 kuwa tana nufin an kasa buɗe hanyar da kayan za su bi, kuma ita ce ta fi rikitar da mutane.

Dalili shi ne FTP hanya biyu take buɗewa. Ta farko, a ƙofa ta 21, ta magana ce kawai: sallama, suna, kalmar sirri, umarni. Ta biyu ita ce ta kaya, har da jerin sunayen fayiloli. Misalinsa kamar ka kira ɗan kasuwa a waya ka yi ciniki. A tsohon salo, shi ne zai aiko yaronsa da kayan zuwa gidanka. Yaron ya iso, maigadi bai san shi ba, ya hana shi shiga. Ciniki ya faɗa, kaya ba su iso ba. Maigadin nan shi ne katangar tsaron kwamfutarka ko rautarka, wadda ba ta karɓar haɗin da ba kai ka fara shi ba. A salo na biyu, wanda za ka ga an rubuta PASV, ɗan kasuwar ne zai ce maka ka zo ƙofa kaza ka karɓa da kanka, maigadi kuma ba ya hana mai gida fita. Saboda haka idan ka ga 230, ka shiga lafiya, amma jerin fayiloli ya tsaya cik har lokaci ya ƙare, mayar da manhajarka salon PASV.

Idan kana salon PASV ɗin kuma abin bai yi ba, duba layin da ya fara da 227. A nan rumbu ke faɗin adireshi da ƙofar da za a zo. Ga wanda ke haɗawa daga wajen gida, rumbu yakan ba da lambarsa ta cikin gida mai 192.168, wadda ba ta da amfani ga na waje. A saitin FTP na rumbun akwai wurin da ake gaya masa adireshin waje da jerin ƙofofin da zai yi amfani da su.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, idan sunayen fayilolinka suna da ƙ da ɗ da ɓ, ko an rubuta su da haruffan Larabci, sai ka ga sun koma alamomin tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana, to kunna UTF-8 a saitin FTP na rumbu da na manhajarka. Na biyu, FTP tana da salon rubutu, ASCII, da salon bainari. Hoto ko bidiyon da aka tura a salon rubutu yana iya isa a lalace. Bar shi a bainari.

Amma ga babban gargaɗi. FTP ta asali tana aika sunanka da kalmar sirrinka a fili, ba ɓoyewa. Duk wanda ke tsakaninka da rumbu da kayan leƙe zai iya karantawa. Idan rumbunka yana da SFTP, wadda ke bin ƙofa ta 22, ko FTPS, yi amfani da su. SFTP hanya ɗaya take buɗewa, don haka duk wannan rikici na 425 ba ya tasowa.

Mataki na huɗu shi ne izini da gudu.

Ka shiga, amma folda ta ƙi buɗuwa, ko tana buɗuwa ba ta karɓar sabon fayil. Izini a rumbu hawa-hawa ne. Akwai izinin amfani da hanyar kanta: mutum yana iya samun damar SMB a hana shi FTP. Akwai izinin babbar folda, akwai kuma na ƙananan da ke cikinta. A na'urori da yawa hani yana rinjayar izini: idan sunanka yana cikin rukunin da aka hana, ba ka izini kai kaɗai ba zai yi aiki ba. Rumbuna da yawa kuma suna toshe adireshin da ya yi ta kuskuren kalmar sirri. Idan kwamfuta ɗaya ce kawai ta kasa shiga, duba jerin adiresoshin da aka toshe. Duba agogon rumbun ma, domin agogon da ya ɓace yana hana lambar tantancewa ta biyu, wadda ake nema bayan kalmar sirri, aiki. Idan kuma wuri ya cika alhali ka goge abubuwa da yawa, leƙa kwandon shara na rumbun, suna can.

Game da gudu, kebul ɗin sadarwa yana da siraran wayoyi takwas a ciki. Gudun gigabit yana bukatar duka takwas ɗin, gudun megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Idan ɗaya ta tsinke, haɗin yana iya ci gaba da aiki amma ya faɗo ƙasa. A gigabit za ka ga kusan megabait 110 a daƙiƙa, a ƙaramin gudu kuwa 11 ko 12. Duk wanda ya ga kwafinsa ya maƙale a 11, ya sauya kebul, ya kuma duba ko ramukan rautarsa na gigabit ne. Idan kana kwashe bidiyo zuwa filas ya ƙi shiga alhali akwai wuri, filas ɗin yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai tambayar da aka fi yi: ina so in buɗe rumbuna daga kasuwa ko daga wani gari, na buɗe ƙofa a rauta, amma ya ƙi.

Yawancinmu da layin waya muke samun intanet, ta MiFi ko rauta mai sim. Kamfanonin waya sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshin waje guda ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake yi wa masu amfani na gida. Shiga shafin rautarka ka duba adireshinta na waje. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan wannan tsari, kuma ko ƙofa nawa ka buɗe a rautarka, na waje ba zai iso ba. Hanyar da ke aiki ita ce ta kamfanin na'urar, irin QuickConnect na Synology, ko keɓaɓɓiyar hanya ta VPN irin Tailscale, wadda ba ta bukatar buɗe ƙofa.

Wanda kuma yake da adireshin waje nasa na kansa, ina roƙonsa ya saurari abin da ya faru da wasu. A Yunin 2021 masu rumbun My Book Live na Western Digital a ƙasashe daban-daban suka wayi gari na'urorinsu an share su tas daga nesa. Manhajar na'urar rabonta da sabuntawa tun 2015, kuma akwai raunin da ke ba na waje damar mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ba tare da kalmar sirri ba. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a cire su daga intanet. A Afrilun 2021 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna Qlocker ta kulle fayilolin masu QNAP, a Janairun 2022 kuma DeadBolt ta zo tana neman kuɗin fansa na bitkoyin 0.03 a kan kowace na'ura. A Afrilun 2024 aka bayyana wata ɓoyayyiyar ƙofa a tsofaffin rumbunan D-Link irin su DNS-320L da DNS-325 da DNS-327L da DNS-340L, kamfanin kuma ya ce ya daina kula da su, ba gyaran da zai fitar, a ajiye su.

Abu biyu ne suke maimaituwa a irin waɗannan labarai: na'ura a buɗe ga intanet, da manhaja mai rauni. Masu kutse ba sai sun san ka ba. Manhajojinsu suna zagaya adiresoshin duniya dare da rana suna gwada ƙofofi. Don haka kashe UPnP a rautarka, wato tsarin da ke ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa ba da saninka ba. Kada ka buɗe 21 ko 445 ga waje. Rufe sunan admin da na'urar ta zo da shi, ka buɗe wani.

Wannan ya kawo mu kan famwaya. Sabunta ta wajibi ne, domin da ita ake toshe raunukan da muka ambata. Amma ana yin ta ne lokacin da na'ura take lafiya, cikin shiri. Ba a yin ta a matsayin gwaji ga na'urar da ba a san abin da ke damun ta ba.

Ga tsarin. Da farko kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai na daban, ka kuma adana kwafin saitin na'urar, akwai maɓallin yin hakan a shafinta. Duba lafiyar faifan ta gwajin da ake kira SMART, domin a wasu na'urori, kamar Synology, manhajar a kan faifan kansa take zama, kuma faifai mai ciwo yana iya faɗuwa a tsakiyar aiki. Karanta lambar samfurin daga jikin akwatin harafi-harafi, har da lambar zubi, irin A1 ko B1, don na'urori biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a ciki. Sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin kawai, ba daga wani zaure na WhatsApp ko filas ɗin wani ba. Idan kamfanin ya wallafa lambar tantancewa irin MD5 ko SHA-256, gwada ta da ta fayil ɗin da ka sauke, domin intanet mai yankewa yana iya ba ka rabin fayil. Karanta bayanin da ya zo da sabuntawar: wani lokaci ba a tsallake daga tsohon zubi zuwa sabo sai an bi ta na tsakiya, kuma kamfanoni irin Synology ba su ba da hanyar komawa baya.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce babba. Idan wuta ta ɗauke lokacin da ake rubuta manhaja, na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sa rumbun da rautar duka a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Kada ka fara a lokacin da ake shirin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Haɗa kwamfutarka da kebul, ba Wi-Fi ba. Idan ka danna, ka cire hannunka. Fitila za ta yi ta ƙiftawa, shafin zai ɓace, na'urar za ta kashe kanta ta tashi. Ko ta ɗauki rabin awa, kada ka zare mata wuta. Bayan ta tashi, shiga ka duba saitinka, domin sabuwar manhaja takan kashe tsofaffin hanyoyi irin SMB1, kyamara ko talabijin su daina ganin rumbun.

To idan ƙaddara ta faɗa, na'ura ta ƙi tashi fa? Nemo ta da manhajar nema ta kamfanin, sau da yawa tana bayyana tana jiran a sake sa mata manhaja. Kafin ka danna maɓallin risetin, karanta littafin na'urarka, don tsawon dannawa yana canza sakamako. A Synology, dannawa ta kusan daƙiƙa 4 har ka ji ƙara tana mayar da kalmar sirrin mai kula da saitin sadarwa ne kawai. A QNAP, daƙiƙa 3 tana yin kusan haka, daƙiƙa 10 kuwa tana share masu amfani da saituttuka. Zaɓin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, wanda ke cikin shafin kula, shi kuma yana iya share fayiloli duka.

Idan ya kai ga cire faya-fayan, rubuta wa kowanne lambar ramin da ya fito. Rumbuna suna tsara faifai da tsarin Linux, irin ext4 ko Btrfs, wanda Windows ba ta karantawa. Idan ka haɗa shi da kwamfuta za ta nuna kamar babu komai, ta nemi ka yi masa fomatin. Kada ka amince. Kayanka suna nan. Kai shi wurin wanda ya san Linux, kuma ka gaya masa tun a bakin ƙofa cewa fayiloli kake so, ba akwati ba.

Daga ƙarshe, masu sauraro, kada a ruɗe ku da cewa rumbu mai faifai biyu ya gama tsare muku kaya. Tsarin RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu, yana kare ku idan ɗaya ya mutu. Amma abin da ka goge, a duka biyun ya gogu. Abin da masu kutse suka kulle, a duka biyun ya kullu. Ɓarawo ko gobara ko tsawa kuma ba sa barin ɗaya. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Faifan USB da kake kwafa a kai duk mako, ka zare, ka ajiye a gidan ɗan'uwa ko a ofis, ya cika sharaɗin ajiye kwafi ɗaya a wani wuri na daban. Ka kuma ajiye akwatin inda iska ke ratsawa, ka riƙa share ƙurar hunturu daga fankarsa, domin zafi yana rage wa faifai kwana.

Roƙona gare ku shi ne kada ku jira sai rumbu ya ƙi buɗuwa. A cikin makon nan ku shiga shafinsa ku duba shekarar da aka sabunta manhajarsa, ku keɓe masa adireshi, ku rufe ƙofofin da ba ku bukata, ku yi kwafin abin da ba za ku iya jure rasawa ba. Idan kamfanin ya daina kula da na'urarku, ku raba ta da intanet tun yau.

A nan za mu dakata.   

(Kiɗan rufe shiri)